Bayan An Sallami Likitan Inji

Tun daga bakin ƙofa Yaya ta san an yi zaman maganarta. Takalman Kawu ne ajiye a gaban falo, shi kuwa Kawu ba ya taka gidan nan sai an yi mutuwa ko za a hana wani abu.

Ta yi sallama ta shiga, jakar aikinta a kafaɗa. Inna na zaune a kujerarta ta kullum, ta ƙura wa talabijin ɗin da ba a kunna ba ido. Auta, ƙanenta namiji tilo, yana tsaye jikin taga yana juya waya a hannu. Labulen ɗakinsa ya ɗan motsa, alamar matarsa na bayansa ta kasa kunne.

Ta durƙusa ta gaishe da Kawu. Ya amsa da fara'ar da ta fi ƙarfin gaisuwar, ya ce ta ajiye jakar ta zauna, magana ce 'yar kaɗan.

Kowa Yaya yake ce mata, a gida da wajen aiki. Shekarar da ta gama sakandare mahaifinsu ya rasu, ya bar Inna da 'ya'ya biyar da gidan da ba a gama rufinsa ba. Hawayen Yaya bai bushe ba ta shiga kamfanin sabulu, sashen da ake naɗe shi a takarda ana jerawa a kwali. Da hannun nan nata aka rufa gidan, aka aurar da ƙannenta mata uku, aka kai Auta jami'a. Yanzu ita ce shugabar sashen, arba'in na leƙo ta, manema kuwa sun zo sun gaji sun tafi tun tana cewa a ɗan jira ta.

Mutum ɗaya ne bai tafi ba.

Likita ake ce masa, amma bai taɓa riƙe allura ba. Bakaniken injinan kamfanin ne, abokan aiki suka laƙaba masa sunan don duk injin da ya fara tari shi ake kira. Inna ta daɗe tana yi wa maƙwabta wasa da sunan, wai ita ma ta kusa yin suruki likita, ciwon ƙafarta ya ƙare. Matarsa ta rasu ta bar masa 'yan mata biyu, ga tsohuwarsa da idonta ya yi rauni. Da ya nemi Yaya ta ce sai Auta ya gama karatu, ya ce zai jira. Auta ya gama, ya yi ta yawon neman aiki bai samu ba, har ya yi aure a ɗakin da ta gina masa, Likita na nan yana jira. Sai bana ta ce masa ta sauke kayanta, ya turo manyansa ƙarshen wata.

Ana cikin haka aka sayar da kamfanin.

Sababbin masu shi ba su daɗe ba suka tara ma'aikata a ɗakin cin abinci. Wani saurayi mai kwat, wanda rarrafe yake yi lokacin da Likita ya fara aiki, ya tsaya ya yi ta zuba a kan sabon tsari da rage nauyi. Can dai aka gane su waye nauyin: tsofaffin bakanikai da direbobi da masu kula da sito, duk wanda ya haura shekara ashirin yana aiki. Aka yi musu godiya, aka tafa musu, aka ba kowa kwalin sabulu ɗaya ya tafi da shi gida. Yaya na tsaye cikin waɗanda aka bari, tana kallo Likita ya rungumi nasa kamar an miƙa masa jaririn wani, ya rasa inda zai ajiye. 'Yan sashenta ne suka ɗaure kwalin nan da safe, ba su san na waye ba.

Kawu ya gyara murya, ya ɗauko maganar daga nesa kamar yadda ya saba. Ya yabi haƙurinta, ya ce ko namiji sai haka. Ya yabi Likita ma, ya ce mutumin kirki ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sannan ya ce amma ita rayuwa ba a yi mata gaggawa. Wanda ya jira shekaru ba zai kasa jiran 'yan watanni ba. A bari ruwa ya kwanta, a ga inda mutumin ya sa gaba.

"Ba cewa muka yi kada a yi ba," in ji Inna, ba tare da ta dube ta ba. "Cewa muka yi a dakata."

Yaya ta tambaya a hankali, har zuwa yaushe.

Auta ne ya kasa haƙuri. Ya ce gara a daina kewaye-kewaye. Mutumin nan ya ba hamsin baya, ba mai ɗaukarsa aiki a wannan zamani. Ga yara biyu a makaranta, ga tsohuwa mai jinya. In Yaya ta shiga gidan nan ba aure ta je ba, dako ta je, baki huɗu za su hau wuyanta rana ɗaya.

Ta juya ta dube shi. Yaron da ta goya ranar da aka fita da gawar mahaifinsu, yaron da ta koya wa ɗaure igiyar takalmi, yau shi ne ya tara gemu yana auna mata nauyi.

"Bakunan da ke wuyana yanzu fa, Auta? Wa ya taɓa kiran taro a kansu?"

Labulen ɗakin Auta ya daina motsi.

Kawu ya ɗaga hannu yana cewa a'a, ba a haka, ɗan'uwa rabin jiki ne. Amma hawaye sun riga sun zubo wa Inna. Ta goge da gefen mayafinta, sai yanzu ta juyo ta dubi 'yarta.

"Yi mana gori, kin isa. Amma ni na san gidan da namiji ke zaune ba ya fita. Ubanku ya daɗe a kwance kafin ya tafi, na ga yadda babu take mayar da mutumin kirki mai faɗa a kan gishiri. Ba na so ki gama wahalar gidan ubanki ki ɗora ta gidan miji, ki mutu ba ki taɓa zama an kawo miki ba."

Maganar ta shige ta, don ta san Inna ba ƙarya take yi ba. Har ta buɗe baki za ta ba ta haƙuri, sai idonta ya sauka a kan wata babbar leda a gefen kujerar, cike da gwangwanayen madara da lemon kwalba, ga maganin shafawa na ƙafa irin wanda ita kanta sai ta yi shawara da zuciyarta kafin ta saya.

Ta tambaya wa ya zo.

Inna ta sunkuyar da kai. Auta ne ya amsa, ya ce Ɗan Kwangila ne.

Ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Shi ne wanda sababbin masu kamfanin suka damƙa wa gyaran injina bayan sun sallami bakanikansu. Da shi da yaransa aka maye gurbin Likita da abokansa. Mutum ne mai sanyin murya da tsadar turare, ya daɗe da rabuwa da matarsa. Tun da ya shigo kamfanin ba ya rasa dalilin bi ta sashenta, yana tambayarta abubuwan da ya riga ya san amsarsu. Ya taɓa tsayar da motarsa ya ce zai rage mata hanya, ta ce ta gode, ƙafarta ta saba.

Auta ya ce shekaranjiya ya zo, tana wajen aiki. Ya gaishe da Inna har ƙasa. Ya duba takardun karatun Auta, ya ce irinsa yake nema a ofishinsa. Ya kuma ce yana da magana, amma shi ba ya shiga gona sai da izinin masu ita.

"Ashe dakatawar ta mutum ɗaya ce," in ji Yaya.

Kawu ya ce ba wanda zai yi mata dole, ita ba yarinya ba ce, kawai dai wani hanin ga Allah baiwa ne. Auta kuwa ya bar jikin tagar ya matso. Ya ce ita kaɗai ta yi ta ɗauka, yau dama ta zo shi ma ya sa kafaɗa. Matarsa ta kusa haihuwa. Har yaushe zai ci gaba da tsayawa a ƙofar ɗakinta da safe yana sosa ƙeya, yana jin kunyar kansa?

Ta ga da gaske yake. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, da ma mugunta ce da ta san yadda za ta yi da ita.

Ta ɗauki jakarta ta shige ɗaki, ta zauna bakin gado da kayan aikinta a jiki. Ta kira wayar Likita. A kashe take, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

*

Washegari babu aiki. Da hantsi ta saka mayafi ta fita, ba ta gaya wa kowa inda za ta ba, ba kuma wanda ya tambaye ta.

Gidan da yake haya yana bayan tashar mota, cikin wani lungu da ruwan masu wankin mota ke bi ta tsakiyarsa. Ɗakuna biyu ne nasa a ƙarshen tsakar gidan. Ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba.

Tsohuwarsa na zaune a bakin ƙofa. Tun daga sallama ta gane muryar, ta lalubo hannun Yaya ta riƙe ta ƙi saki. Ta rage murya ta ce yaron nan ba ya ci, ba ya magana. Tun da ya dawo da kwalin nan hannunsa ya ƙi zama. Ya gyara keken ɗinkin maƙwabciya, ya gyara famfon gidan, ya bi ƙofofin mutane yana sa musu mai. Da abin gyara ya ƙare sai ya sauko da fankar ɗakinsu, fankar da lafiyarta ƙalau, ya warware ta.

A bayan ɗakunan ta same shi, ƙarƙashin igiyar shanya, zaune a kan wata 'yar kujera, kayan fankar a baje a kan buhu. Ya rame. Furfurar da yake askewa duk mako ta fito ta rufe masa haɓa. Da can in ya gan ta sai ya sara mata kamar soja, ya ce, Shugaba, inji ne ya tsaya ko zuciya? Yau miƙewa kawai ya yi, ya goge hannunsa a jikin wando ko da yake babu komai a hannun, ya tura mata kujerar, shi ya zauna a kan bulo.

Ta tambaye shi me ya sa ya kashe waya. Ya ce ba shi da abin faɗa ne.

Amma daga baya sai ya fara. Ya ce ya koma kamfanin ɗauko kayan aikinsa na kansa. Maigadin da suka yi shekaru suna shan shayi a kofi ɗaya ya tare shi, yana kallon ƙasa, ya tambaye shi wa yake son gani. A rana ya tsaya har aka fito masa da kayan a cikin buhu. Daga nan ya bi masana'antu da gareji-gareji, duk inda ya san ana juya ƙarfe. Ba wanda ya wulaƙanta shi, da ma an yi da ya fi sauƙi. Kowa Baba yake ce masa.

"Wani yaro ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa mai sanyi. Sannan ya tambaye ni ko ɗana nake nema wa aikin."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

Ita ma ta gaya masa abin da ya faru a gida, ba ta ɓoye komai ba, har da ledar da ke gefen kujerar Inna. Ya yi ta gyaɗa kai kamar mai jin labarin da ya riga ya sani. Ta ce ita duk wannan bai dame ta ba. Ya turo manyansa kamar yadda aka tsara. Albashinta zai riƙe su kafin Allah ya buɗa, ita ta saba.

"Shi ya sa," ya ce. "Kin saba. Tun kina yarinya kike ɗauka. Ni jiran da na yi, don in zo in sauke miki ne. Ban jira don in hau ba."

"Na ce maka na gaji?"

Ya ɗauki fiffiken fankar ya juya shi, ya mayar inda yake. Sannan ya ce akwai abin da ya kamata ta ji daga bakinsa, kafin ta gani da idonta.

Ɗan Kwangila ya aiko a kira shi. Ya karɓe shi da mutunci, har da shayi. Ya ce yana neman hannu a kan injinan nan dai da ya sani. Sai dai aikin rana ne: in an yi a biya, in ba a buƙace ka ba ka zauna gida. Babu asibiti, babu hutu, babu komai in an tsufa.

Fuskar Yaya ta ɗan saki. Ta ce ai wannan ma wani abu ne, da babu gara ba daɗi. Ya karɓa kawai, a rage zafi.

"Na karɓa," ya ce, idonsa na kan buhun. "Da zan fito ya rako ni har bakin ƙofa. Ya dafa kafaɗata ya ce shi mutum ne mai son zaman lafiya da yaransa. Ya ce ba ya jin daɗi a ce shi da yaronsa suna sallama a ƙofar gida ɗaya."

Maganar ta daɗe tana tafiya kafin ta isa inda za ta isa. Can tashar wani ɗan kamasho na ta kiran fasinja, a tsakar gidan wata mata na faɗa da yaronta a kan bokiti. Yaya ta ji duk wannan tar, kamar kunnenta na neman wani abin saurare.

"Me ka ce masa?"

"Na ce na ji."

Ba ta san lokacin da hawayen suka fara ba, sai da ta ji su a haɓarta. Ta maimaita kalmomin nan biyu a ranta. Shekarun da ya yi yana tsayawa a bakin sashenta lokacin tashi, manema nawa ta sallama tana cewa akwai mai jira, duk sun taru sun zama na ji.

Ya fara bayani, ba don ya wanke kansa ba, sai don ya ga ya zama dole. An koro ƙaramar 'yarsa daga makaranta, ta dawo ta shige ɗaki ba ta ce masa komai ba, shirun nan ya fi zagi. Maganin idon tsohuwa da na sukarinta daga asibitin kamfani yake karɓa, ranar da aka tafa musu ranar aka rufe masa ƙofar. Mai gidan hayar ma gaisuwarsa ta canja, ta yi tsawo, ta cika tambayar lafiya. Ya ce ya zauna ya dube su su ukun, ya dube ta a zuciyarsa, ya zaɓa. Ba ya neman ta yafe masa.

Yaya ta share fuskarta da tafin hannu.

"Inna ta yanke mini don alherina. Kawu don alherina. Auta ma don alherina. Yanzu ga ka. Duk cikinku ba wanda ya ce, ke me kike so. Kamfanin ma da zai kore ku sai da ya tara ku ya faɗa muku a ido. Kai waya ka kashe."

Ta ga maganar ta same shi, don kafaɗunsa sun sauka. Tausayinsa ya taso mata ya haɗu da haushinsa, ta rasa wanne za ta bi. Ta sauko daga kujerar ta tsuguna a gabansa, ta ce har yanzu ba a makara ba. Ya koma ya ce wa mutumin ya fasa. Makarantar yarinya a kanta, maganin tsohuwa a kanta. Ta roƙe shi kamar yadda ba ta taɓa roƙon kowa ba, ita da ko a gaban manaja ba ta iya lanƙwasa murya.

Ya tambaye ta, to gidansu fa? Ƙafar Inna fa? Matar Auta da ke gab da haihuwa fa? Za ta raba kanta biyu, kowane gida ya ce rabinsa ya yi kaɗan.

"Shekara ɗaya, biyu, ki dawo a gajiye ki same ni zaune a nan ina warware fanka. Ba za ki ce komai ba, na san ki. Amma za ki dube ni, ni kuma ba zan iya ɗaukar kallon ba. Gara ki tsane ni yau ina tsaye, da ki raina ni gobe ina zaune."

"Sayar da ni ka yi."

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, hawaye na bin furfurar gemunsa bai damu ya goge ba.

"In haka kika kira shi, ba zan musa ba."

Ta so ya musa. Ta tsaya tana jira ya yi fushi, ya ce ta yi masa ƙazafi, ya kama bakin mayafinta ya ce kada ta tafi. Bai yi ko ɗaya ba.

Da za ta wuce tsohuwar ta sake lalubo hannunta. Ta ce ta ji ana ta magana ƙasa-ƙasa, ko ranar zuwan manyan ake gyarawa? Ita dai burinta ta ji motsin Yaya a ɗakin nan kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

"Sai yadda ya ce, Iya," in ji Yaya, ta zare hannunta a hankali.

A bakin lungun ta tsaya kusa da masu wankin mota, ta juya wa hanya baya. Ƙarar injin ruwansu ta rufe kukanta, ta yi mai isarta, sannan ta gyara mayafi ta shiga cikin mutane.

*

Ranar da aka koma aiki ta riga kowa isa sashenta. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, bel na shigowa ta ramin bango ɗauke da sabulai a jere, mata na tsaye hagu da dama suna naɗewa suna turawa. Ta zagaya ta duba takardun naɗi da gam da kwalaye, ta amsa gaisuwar kowa. Ba wadda ta ga komai a fuskarta sai Uwar Biyu, wadda suka fara aiki shekara ɗaya, ita kuwa kallo ɗaya ta yi mata ta kama bakinta.

Rana ta ɗan ɗaga sai bel ɗin ya yi wani gurnani ya tsaya. Sabulai suka taru suka fara zubowa ƙasa. Yaya ta sa aka kashe wuta, ta aika a kira bakanike.

Shi aka turo.

Ya shigo sanye da koren kayan aikin Ɗan Kwangila, sunan kamfanin mutumin a rubuce a gadon bayansa, hannun rigar ya yi masa tsawo ya naɗe. Matan sashen da suka yi shekaru suna tarin ƙarya da ƙifta ido duk lokacin da ya shigo, yau ba wadda ta yi motsi. Uwar Biyu ta juya ta fuskanci bango tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

"Ranki ya daɗe, ina ne ya tsaya?"

Bai taɓa kiranta haka ba. Ta nuna masa da hannu. Ya shimfiɗa yagaggen kwali a ƙasa, ya kwanta ya shige ƙarƙashin injin, ƙafafunsa kaɗai a waje. Jim kaɗan aka fara jin bugun ƙarfe.

Ƙamshin turaren ne ya fara isowa, har ya danne na sabulu. Ɗan Kwangila ya shigo yana gaishe da mata ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar yaransu. Ya zo ya tsaya kusa da Yaya, taku ɗaya tsakanin takalminsa mai sheƙi da ƙafafun da ke ƙasa. Ya san na waye.

Cikin muryar nan tasa mai sanyi ya ce ya ji daga wajen ƙanenta cewa an sanar da ita. In ba damuwa, yana so ya zo da yamma su gaisa a gida, kamar yadda mutunci ya tanada.

Yaya ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba, amma ba ta kuma rage ta ba, ta yi maganar yadda duk sashen zai ji.

"Gidan a buɗe yake. Inna na nan, Auta na nan. Su ka nema, su za ka samu. Ni dai ba na nan, ko da ina nan."

Wata yarinya a ƙarshen layi ta yi dariya ta mayar da ita tari.

Bai yi fushi ba. Murmushi ya yi, ya gyara agogon hannunsa, ya ce shi yana son mace mai ra'ayin kanta. Sannan ya dubi layin matan daga farko har ƙarshe, kamar mai taya su jimami. Ya ce jiya yana zaune da manaja ana maganar zagaye na biyu. Wannan karon sashen naɗi ne. Akwai injin da ke naɗe sabulu da kansa, yana kan hanya. Mutum ɗaya ko biyu za a bari su kula da shi, an kuma nemi shawararsa a kan waɗanda suka dace.

"Ke ma kin daɗe a nan, ko, Yaya?"

Ta ji idanun matan a bayanta, ta ji numfashin Uwar Biyu ya canja.

Bugun ƙarfen da ke ƙarƙashin injin ya tsaya.

Yaya ta sauke idonta kan ƙafafun nan. Ya ji, ta san ya ji komai. Gwiwarsa ɗaya ta lanƙwashe, diddigensa ya daki ƙasa kamar mai shirin jawo jikinsa waje. Ta riƙe gefen teburin naɗi da hannu biyu. Ɗan Kwangila ma ya sunkuyar da kai yana kallo, murmushin na nan a fuskarsa, ba ya gaggawa.

A hankali gwiwar ta miƙe ta koma inda take. Bugun ƙarfen ya ci gaba.

"Sai na zo da yamma," in ji Ɗan Kwangila, ya tsallake ƙafafun ya wuce.